Carbi Uku da Labarin Maƙera

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai Labbo makwancinsa. Taubashina ne, ɗan wan uwata. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba. Keke gare shi, kuma har ya koma ga Allah bai iya tuƙa shi ba. Ni ke tuƙi, shi yana zaune baya kan kariya. An ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. To, haka muke.

Labbo mutum ne mai jiki, mai baki. Duk hanyar bakin gulbi, daga Bakura har Maradun, babu kukar da bai san wanda ya taɓa sauka a gindinta ba. Nan aka ci kasuwa, can mayaƙa suka shayar da dawaki, wancan kufai annoba ta tashe shi. Ina haki, yana tarihi. Ban taɓa saurara ba. Wanda ke hawa tudu da Labbo a bayansa ba ya neman ilimi.

Da aka fara aikin dam na Bakolori, muka hau wajen Maradun muka ga gonakin da ruwa zai ci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu na wajen Mafara an ce katafila za ta baje namu, a ja magudanai, sannan a mayar wa kowa tasa. Tasa ina? Iyakar gona a wurinmu gamba ce da tsamiya da suri, katafila kuwa ba ta san tsamiyar kowa ba. Gona guda ubana ya bar mani a fadama. In na kasa nuna ta, sai a jefa ni kan fako.

Labbo ya ce dutsen mashaya ba mai ɗaga shi, daga nan za mu auna. Ni in taka feda, shi ya ja carbi, kowane taki ƙwaya ɗaya.

Gaisuwa ce ta so kashe mu. Mutum ya tare mu: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ƙoƙari. Labbo ba ya barin gaisuwa a rataye. Kafin a kai madalla ƙirga ta zube, sai mu koma dutse. Rana guda sau shida. Daga baya ya koyi rufe ido yana motsa baki. Gari ya ɗauka Labbo ya shiga wuridi, har wata tsohuwa daga Morai ta tare mu da ruwa a ƙwarya ya tofa mata. Ya tofa. Awo ya tsaya a carbi uku da ƙwaya bakwai, in ka ba dutse baya ka miƙe gabas.

Aka baje ƙasa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba mu sa garma ba. Sauran abin da aka sha a shekarun nan, wanda ya gani ba ya son tisawa. Na gani. Mu bar shi.

Ranar rabo muka fito da mai awo da maigari, jama'a na bin mu a ƙasa. Fili fetal kamar faifai. Na taka, Labbo ya ja. Carbi uku da ƙwaya bakwai suka tsayar da mu daidai ƙofar ban-ɗakin da leburori suka kewaye da zana. Labbo ya sauka, ya duba, ya ce, “Bawa, ga gadonka.”

Har maigari sai da ya riƙe ciki. Mai awo ya fara naɗe igiyarsa. Na ce, “Labbo, ka kashe ni.”

Ya juya yana duban hanyar da muka biyo. Can ya bugi cinya. “Gangara! Wanga wuri a da gangara ta, ba ka taka komi, ni ko ba ni ƙirga. Masu katafila sun cinye ta!”

“Tsawonta fa?”

“Iyakar labarin maƙera. Nan nika ba ka shi, in bakina ya huta da ƙirga.”

“Wane labari?”

“Kai, jakin Allah! Sau arba'in na ba ka shi. Hau, ka yi gudun gangara.”

Na hau, na yi gudun gangara a inda babu gangara. Ya fara: maƙeran da suka riga kakanninmu zama nan, yadda suke narka tama a ramuka, yadda suka ɓata da masunta a kan akuya guda, suka tattara suka tashi. Yana cewa “sunka tashi” na matse birki. Aka kawo magirbi. Kamu biyu aka haƙa, sai ga kashin maƙera, dattin da narkar tama ke bari, baƙi ƙirin. Maigari ya ce kowa ya san a kan irinsa garmar ubana ke dakushewa. Mai awo ya kafa turke.

Yau shinkafa ce a wurin, 'ya'yana ke nomawa. An ce yanzu waya ke auna gona. Da Labbo ya gani, tambayarta zai yi wa ya fara sare wurin, in ta kasa ya ce ba ta san komai ba. Babura kuwa da sun ƙona masa rai: kafin ka ce maƙera an iso. Hanyoyin bakin gulbin ma ba kowacce ake bi ba yanzu, kowa ya san dalili. Wannan da ya fi yi masa ciwo.

Me ya bari? Carbin yana wurin ɗiyarsa. Kashin maƙeran guda yana tokare ƙofata. Labarin yana bakina, ni ke bayarwa yanzu, ba mai saurara. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Allah ya jiƙan Labbo, ya sa ya huta. Nauyi gare shi, ba ƙarya. Amma tun da ya sauka, keken bai ƙara yi mani daɗin tuƙi ba.