Matar da Ta Ƙi Cewa An Yi Ruwa

A Kaikai, wani ƙauye kusa da Kankia, na tashi, a hannun kakata Hajjo, shekarun da aka samu mulkin kai. In an gama tuwo sai ta iza wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ne sarkin gardamar cikinsu.

Akwai tatsuniyarta guda da na tsana. Damina ce ta makara, mutane suka fara gunaguni, sai mai gari ya sa aka yi shela wai an yi ruwa jiya, kowa ya fita shuka. Kowa ya saɓi sungumi. Wata mata ta tura hannu cikin ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, a bushe take." Aka ce ta janye maganarta, ta ƙi, aka ƙwace gonarta. Ba a jima ba ruwa ya sauko kan irin da aka binne, gero ya yi kyau, ita kuwa ta ƙare da kala a gonakin mutane.

Na ce, "Kaka, ai ta yi asara!"

"Ta yi hwa. Amma ran da ta taɓa ƙasar, mi ta iske?"

"A bushe."

"To ruwan da ya zo baya shi zai jiƙa ranar da ta wuce? Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi da haushi, kuma haushin nan ne ya kai ni karatun falsafa. Na zama malamin jami'a lokacin da kuɗin mai suka malalo, ina koyar da bambancin abin da yake gaskiya da abin da kawai ya yi amfani. Wata rana na kafa wa ɗalibai misali da wani asibiti da aka yi bikin buɗewa, ciki babu komai sai fenti. Manya suka kira ni suka ce in janye, ai kayan na hanya. Na ƙi. Aka sallame ni, na dawo Kankia koyar da yara.

Kayan sun iso kuwa. Yayana ya ce, "Ka gani ko? Ka kashe aikinka a banza."

Na yi murna da asibitin ƙwarai, can aka haifi ɗiyata. Amma ranar da suka yi bikin ko gado ɗaya babu, kuma duk wanda ya tambaye ni haka zan faɗa masa har in mutu.