Usur a Kasuwar Albasa

Kwana tara da fitowata daga gidan yari, Yaya ya matsa sai na raka shi kasuwar Illela. Ban so ba, don na san idon gari yana kaina.

Muna tsakiyar 'yan albasa, wani ɗan kamasho ya busa usur don a ba tirela hanya. Kafin in ankara har na tsuguna, hannuwana biyu a ƙeya. Shekara huɗu haka gandiroba yake ƙirga mu safe da yamma, wanda ya yi nawa kuwa jikinsa ya gaya masa.

Ciniki ya tsaya. Na ji wata mai fura tana cewa, "Mi ya same shi?" Na san ba a kurkuku nake ba, amma gwiwoyina sun ƙi yarda.

Yaya ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna kusa da ni, ya miƙo mini albasa ɗaya. Ya ce, "Duba mini wannan, za ta yi ajiya?"

Na yi ta jujjuya ta a hannu, ina jiran a ba mu izinin tashi.