Ruwan Zafin Da Na Zubar A Bayan Tanti

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, shekara shida ke nan. Lokacin ina aikin gadi a wani shago a Tottenham, sai matata ta yi mana booking na wani bikin kiɗa da ake yi a ƙauye, inda iyalai ke kafa tanti su kwana biyu. Ni ban so ba, don ni mutum ne mai yawan wasiwasi, tun a mota nake tunanin alƙibla da karnukan Turawa da naman da za a ci. Amma 'yarmu Hafsa ta dage, sai na bi.

Washegari da hantsi suka tafi wajen kiɗa, ni na tsaya dafa taliya. Da ta dahu na zaga bayan tanti, gindin wata tsohuwar bishiya, na tsiyaye ruwan a ƙasa. Ni da ko ruwan alwala ba na zubarwa sai da bismilla saboda aljannu, ranar ban yi ba. Na tuna fa, amma na ce a raina ai nan Ingila ce.

Ina juyowa sai ga wata tsohuwar Baturiya tsaye, da takalmin roba duk laka. Ta buɗe baki da Hausa tsantsa, irin ta kakata:

"Kai yaro, ka ƙona wa 'yata ƙafa, ko sannu babu?"

Na durƙusa na ce, "Iya, ki yi haƙuri, ban gani ba."

Ta ce, "Ai ba ka tambaya ba. Taka 'yar tana ina?"

Innalillahi! Na yar da tukunya na ruga, ban ko waiwaya ba. Na tarar da Hafsa a zaune kusa da uwarta tana shan askirim.

Matata ta ce, "Baban Hafsa, lafiya? Ko alƙiblar ce ta sake ɓace maka?"

Ban kula ta ba, na cire wa yarinyar takalmi. Ƙafarta ta hagu ta yi bororo har idon sawu, safarta kuwa a bushe, kuma ta ce ba ta jin zafi. Nas ɗin wajen ta duba ta ce ƙunar ruwan zafi ce, ta yi ta yi mana tambayoyi tana kallona.

Na koma na zaga tantunan nan kaf, babu wanda ya ga tsohuwar. Ƙafa ta warke, amma tabon yana nan, kuma har yau wani lokaci Hafsa takan tambaye ni labarin wata yarinya da ta yi wasa da ita a can, wai ko tata ƙafar ta warke.

Don Allah, duk ƙasar da kuka je, kada ku ɗauka babu masu ita.