Abin da ke gutsurar hasken taurari

"Rufe kwamfutar nan, Baffa na magana!" in ji Yayana jiya, a zauren gidanmu na Gazara.

Ban rufe ba. Juya wa Baffa ita na yi. Da ma hukunci ya kawo: in ajiye binciken digirina, in dawo in riƙe gonar rake.

Ya leƙa. "Wannan zane mai ramuka fa?"

Na ce, "Hasken tauraro ne, Baffa. In aka baje shi launi-launi, sai a ga wasu wurare a gutsure. Wani abu ne a tsakanin taurari ke shanye shi a hanya. Shi nake nema."

"Ka taɓa ganinsa?"

"A'a. Yawanci ma ba a san ko mene ne ba."

"Aikin banza ke nan."

"Ka gafarce ni, Baffa. In ka tarar wata dabba ta gutsure maka rake, ba ka gan ta ba, sawu kake bi ko gida kake komawa?"

Baffa ya sake leƙa zanen.

Gobe zan koma makaranta. Rake bai rasa masu tsaronsa ba. Wannan sawun kuwa na kama, ba zan saki ba.

Ku fa, wa ya taɓa kiran aikinku banza?