Matar da Ke Ba Talabijin Baya

A ɗakin jira na garejin Lonnie, nan Dayton, kowa ya manta da motarsa. Ana nuna gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i a talabijin, wata ƙaramar makaranta na neman kayar da babba, sai alƙalin wasa ya busa wa ƙananan usur.

"Ko taɓa shi bai yi ba," in ji wani mai furfura. "Kullum manya ake ɗaure wa gindi."

"Nemi tabarau, tsoho," in ji Lonnie, yana tsokanarsa.

Mace ɗaya ce ba ta sa baki ba. Ta haura sittin, koriyar rigar sanyinta ta koɗe, takalmanta irin na masu yini a tsaye. Duk sanda ƙananan suka kusanci kwando sai ta juya kujera, ta ba talabijin baya. Camfi ne da muka sani: idon mai ƙauna na kawo rashin sa'a. Ina jin ta taɓa yi wa ɗanta haka a filin wasa.

"Mama, juyo mana," in ji Lonnie. "Jifan ƙarshe ne."

"Na gaji da gani, ɗana. Ku kalla mini."

Ƙwallon ta bugi bakin kwando ta faɗo waje. Matar ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta.

"Sai baɗi," ta ce. "An gama gyaran tayar motata?"