Allurar Barcin da Ba Ta Kama Ni Duka Ba

Tun cikin yana wata bakwai abu ɗaya nake tsoro, a yi mini allurar barci in wuce daga nan ban farka ba. Ungozomarmu ta Madarumfa ta riga ta faɗa mini ɗan a gicciye yake, sai dai a yi aiki. Ina ban ruwan albasa a lambunmu na bakin tabki, sai in tsaya da gwangwani a hannu ina tunanin wa zai riƙe ɗiyata ta fari.

Akwai abin da ni da maigida kaɗai muka sani. Bayana yana ciwo, shi kuma yana sayo mini wasu ƙwayoyi wurin masu talla a Ɗan Issa. Da guda nake sha, har ta kai uku ma ba sa yi mini aiki.

Ranar aikin da hantsi, Inna, uwar mijina, ce ta raka ni asibiti. Lokotoro, wato likita mai sa barci, ya zo da takarda.

"Malama, kina shan wani magani?"

Na sunkuyar da kai. A wurinmu matar ɗa ba ta buɗe baki gaban surukarta, balle a kan maganar jikinta.

Inna ta ce, "Wagga yarinya? Ko jiƙo sai na tsare ta take sha. Sa babu, ɗana."

Ya yi dariya, ya sa.

A ɗakin aiki na tuna fitila a saman kaina, sai duhu. Can na ji ƙarar ƙarafa cikin tasa. Idona a manne, ga roba a maƙogwarona. Ana jan wani abu a cikina kamar mai tuge rogo, zafin yana hawa har ƙirji. Na yi ta cewa yatsana ya motsa, ya ƙi. Wata mata ta ce, "Namiji ne, dubi kai kamar tulu." Wani ya ce, "Zuciyarta na gudu, ƙara mata." Iyakar abin da na sani ke nan.

Da na faɗa wa Inna, sai ta ce, "Mafarki ne, ɗiyata. Ki yi shiru, kada a ce kin gamu da iska."

Sai ranar awon jariri na faɗa wa ungozoma komai, har da ƙwayoyin. Ta ajiye biro. Ta ce ƙila su ne suka hana allurar kama ni duka, ƙila ba su ba ne, amma da mai sa barci ya sani, da ya yi wani shiri.

Yanzu ina da wani cikin, wata biyar, kuma an ce aiki za a sake yi. Na bar ƙwayoyin. Har yau ba na iya kwanciya rigingine, kuma Inna ce za ta sake raka ni.

Don Allah, idan kun raka mace asibiti aka zo tambayarta, ku fita waje, ku bar ta ta amsa da bakinta.