Wanda Ya Fara Ƙona Inbata a Yelwa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Hashimu, mai sayen kifi a bakin ruwan Yelwa. Na so in tuna da shi da zuciya mai sanyi, amma abin da ke raina kishi ne, kuma gara in kira shi da sunansa.

A zamaninsa, kifin da ya kai la'asar ba a saya ba sai banda, domin wutar gari ba ta da alkawari. Hashimu ya ƙudura zai riƙe giwan ruwa ɗanye har motocin Kontagora su iso. Ya sayi firji da batura biyu na babbar mota, da inbata, akwatin da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Ya duba wat ɗin da aka rubuta a bayan firjin, wato yawan wutar da yake ci, ya sayi inbata daidai da shi. Lissafi ne na mai hankali, kuma kuskure ne. Firjin ya yi tari sau ɗaya, inbata ta yi hayaƙi. Ta biyu ta ɗan fi girma, ita ma ta ƙone. Har Inna sai da ta ce, "Ɗan nan, itacen banda bai ƙare ba a Yauri."

Kafin ta uku ya gane. Abin da ke rubuce a bayan firjin shi ne wutar da injin ke ci bayan ya riga ya tashi. Lokacin tashi kuwa, injin firji yana fizgar ninki uku ko fiye, kamar kwalekwalen da ya kafe a taɓo, turawar farko ta fi tuƙi wuya. Dole inbata ta iya ɗaukar wannan fizgar. Yawan batura kuma awoyin da za a yi babu caji ke yanke shi, kuma ba a tatse batir ƙarƙaf. Duk wannan ya zayyana wa abokinsa Bala, wanda ya fi kowa yi masa dariya. Damina ɗaya Hashimu ya mori firjin, ciwo ya ɗauke shi.

Yau Alhaji Bala na da jerin firji, rufinsa shimfiɗe da faifan sola, ƙanƙararsa na kaiwa Shanga da Wara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bara ya kawo talla gidan rediyon da nake aiki, yana so in karanta cewa shi ne na farko da ya tayar da firji da batir a gaɓar tafkin Kainji.

Na ce, "Yaya Bala, a cire 'na farko'."

Ya yi murmushi. "Ƙanena, kasuwa ba ta tambayar wa ya fara. Wa ma ya tuna?"

Na mayar masa da tallarsa. Tana fita kowace safiya da muryar wani, Inna na ji, 'ya'yan Hashimu na ji.

Da Hashimu zai dawo, na san ba zai yi gardama ba. Zai zagaya bayan firji ya kasa kunne, ya ji yadda injin ke tashi, ya ce madalla. Ke nan kishin nawa ne ni kaɗai, kuma na san hassada ga mai rabo taki ce. Amma ilimin da ya saya da asara da dariyar mutane na aiki a shaguna daga Yelwa zuwa Ngaski, sunansa ne kawai bai bi shi ba. Shi ya sa na rubuta shi a nan: Hashimu ne ya fara.

Allah Ya jiƙan Hashimu. Allah Ya ƙara wa Bala kasuwa. Wannan addu'a ta biyu, har yanzu koyonta nake yi.